Kamu kaɗai ba zai raba matasa da ƙwaya ba

Matsayin wannan jarida shi ne a ɗauki matashin da ya faɗa shaye-shaye a matsayin majinyaci, a bar kurkuku ga dillalai. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum kusan miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar ce gwamnati ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma da yawa suka koma tiramol da sholisho, domin zaman banza da zugar abokai a majalisa suna nan yadda suke.

Masu ɗora laifin kan iyaye ba su yi ƙarya ba. Sai dai uwar da ta tsinci kwalba a ƙarƙashin katifar 'yarta kunya ke rufe mata baki, in ma ta yi magana ba ta san inda za ta kai ta ba. Nan gidajen mari suka samu kasuwa, har 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu cikin sarƙa, a Rigasa ta Kaduna a 2019. Gwamnatocin jihohi su buɗe sashen jinyar shaye-shaye kyauta a manyan asibitocinsu, da ɓangaren mata daban da rufin asiri, hukumar NDLEA kuma ta maida ƙarfinta kan masu shigo da kayan.