Teku a Lokaci Sabau: Gaskiya da Haɗarin Hoton Doguwar Ɗauka

Gabatarwa

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma tun da kyamara ta shigo hannun jama'a aka ɗora wa hoto nauyin wannan karin magana. Abin da hoto ya nuna, an ɗauka haka ya faru. Sai dai akwai wani nau'in hoto da ke tilasta a sake duba wannan amana. Duk mai bibiyar ayyukan masu ɗaukar hoto ya taɓa cin karo da shi: ga bakin teku, ga baƙaƙen duwatsu tsaye daram, amma ruwan da aka san shi da tumbatsa ya kwanta luf kamar an shimfiɗa alawayyo, ko ya rikiɗe ya koma kamar hazon hunturu. Babu wanda ya taɓa tsayawa a gaɓa ya ga teku a wannan kama da idonsa. Dabarar da ke samar da shi ita ce barin ƙyauren kyamara a buɗe na tsawon lokaci, abin da za a kira doguwar ɗauka a wannan maƙala.

Masu suka suna cewa irin wannan hoto ƙarya ne da aka yi wa ado. Matsayin wannan maƙala shi ne hoton doguwar ɗauka bai yi ƙarya ba, domin abin da ya faru ne ya tattara. Haɗarinsa yana wani wuri dabam: yana riƙe abin da ya tsaya, ya zubar da abin da ke motsi, kuma a bakin teku mafi yawan abin da ke motsi mutane ne da sana'o'insu.

Yadda Ruwa Ke Zama Hazo

Kyamara ma'ajiyar haske ce. Idan aka danna ta, ƙyaure yakan buɗe, haske ya faɗa kan allon da ke karɓarsa, sannan ƙyauren ya rufe. A hoton yau da kullum wannan buɗewa ba ta wuce kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa ko makamancin haka, shi ya sa igiyar ruwa ke daskarewa a sama tare da kumfarta. Idan kuwa aka bar ƙyauren a buɗe na daƙiƙa 30 ko minti 2, kowane ɗigo na allon zai karɓi hasken igiyoyi masu yawa, wata na bin wata. Farar kumfa da duhun ruwa sai su gauraya su ba da matsakaicin launi, tamkar yadda furar da aka dama ke haɗe gari da nono. Dutse kuwa, da yake bai gusa ba, sai ya fito da kaifinsa.

Da rana tsaka hasken ya yi yawa ga irin wannan aiki, don haka akan ɗaura wa idon kyamara wani baƙin gilashi mai rage haske. Wanda aka fi amfani da shi yana rage hasken sau 1,024, ta yadda ɗaukar da za ta ci kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa za ta koma kusan daƙiƙa 8, wadda za ta ci kashi ɗaya cikin 30 kuma ta koma kusan daƙiƙa 34. Dole a kafa kyamarar a kan mazauni mai ƙafa uku, a kuma lura da yashin da ke zamewa ƙarƙashinsa duk sa'ad da ruwa ya janye. Tsawon lokacin shi ke yanke kamar hoton. Rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa 2 yana barin zane-zanen ruwa kamar zaren da aka ja, yayin da abin da ya haura rabin minti ke shafe su gaba ɗaya. Tun daga 2017 ma wayar iPhone ke kwaikwayon wannan ta hanyar haɗe hotuna masu yawa na 'yan daƙiƙu, abin da ya sa salon ya fita daga hannun ƙwararru ya zama na kowa.

Abin da Tarihi Ya Nuna

Masu ganin doguwar ɗauka a matsayin bidi'ar zamani sun manta cewa da ita aka haifi hoto. Hoton da Nicéphore Niépce ya ɗauka daga tagar gidansa a Faransa, wajen 1826 ko 1827, ya ci aƙalla sa'o'i 8. A 1838 Louis Daguerre ya ɗauki wani babban titi a birnin Paris, mai cike da kekunan doki da masu tafiya a ƙasa. Da hoton ya fito, titin wayam yake, domin ɗaukar ta ci mintoci da dama kuma duk mai motsi ya ɓace. Waɗanda suka tsira su ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi, da inuwar mai gogewar. Wannan hoto shi ne darasin farko a kan batun, kuma har yau bai tsufa ba.

A wancan zamani burin masu sana'ar shi ne su tsayar da igiyar ruwa. Gustave Le Gray ya yi suna ne a tsakanin 1856 da 1857 saboda hotunansa na teku, musamman na wata babbar igiya da ya ɗauka a garin Sète da ke gaɓar Bahar Rum. Jama'a sun yi mamakin ganin ruwa a daskare da gajimare a samansa. Sirrin kuwa shi ne, a wasu daga cikin hotunan faranti biyu na gilashi ya haɗa, ɗaya na ruwa ɗaya na sama, domin hasken da ya dace da ruwan yakan ƙone saman. Ke nan hoton da ya fi kama da abin da ido ke gani shi ne wanda aka yi wa haɗi, wanda kuma bai yi kama da ganin ido ba shi ne aka ɗauka a buɗewa guda ba tare da ƙari ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kama da ganin ido ba ma'aunin gaskiya ba ne.

A ƙarni na 20 Hiroshi Sugimoto, ɗan Japan da aka haifa a 1948, ya mayar da teku abin nazari. Ya fara jerin hotunansa na teku a 1980, kuma tsarinsu ɗaya ne: baƙi da fari, rabi ruwa rabi sama, babu gaɓa, babu jirgi, babu mutum. Wasu ya bar ƙyauren a buɗe har na sa'o'i. Tambayar da ta ja shi ita ce ko mutumin yau zai iya ganin wani abu daidai yadda mutanen farko suka gan shi, kuma ya ga teku da sama ne kawai suka rage a kan kamarsu. Michael Kenna, ɗan Ingila da aka haifa a 1953, shi ma ya shahara da ɗaukar dare mai kaiwa sa'o'i 10. Waɗannan mutane ba su ɓoye manufarsu ba: tsawon zamani suke nema, kuma sun san abin da suka bari a waje.

Hoto da Nahawun Lokaci

Nahawun Hausa yana da abin da zai warware wannan gardama cikin sauƙi. A duba waɗannan jimloli uku: igiya ta doki dutse, igiya tana dukan dutse, igiya takan doki dutse. Ta farko tana cikin shuɗaɗɗen lokaci, kuma ita ce maganar hoton gaggawa, wanda ya kama aukuwa guda da ta riga ta wuce. Ta biyu tana cikin lokaci mai ci, kuma ita ce maganar bidiyo. Ta uku tana cikin lokaci sabau, kuma a nan hoton doguwar ɗauka yake. Ba ya ba da labarin wata igiya takamaimai. Yana faɗin ɗabi'ar ruwa ne a kan wannan dutse, bayan ya tattara duka ɗari ya mayar da su magana ɗaya.

Babu manazarcin harshe da zai ce wanda ya furta "takan doki dutse" ya yi ƙarya don kawai ba a iya nuna igiyar da yake nufi. Gaskiyar lokaci sabau gaskiyar maimaici ce. Idon ɗan Adam ba ya iya tara haske fiye da wani ɗan guntun daƙiƙa, saboda haka ba zai ga wannan gaskiya kai tsaye ba, kamar yadda ba ya ganin ƙwayoyin cuta sai da madubin likita. Gazawar ido ba ta zama laifin na'ura. Hasali ma, igiyar da aka daskarar a kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa, kowane ɗigo a rataye a iska, ita ma ido bai taɓa ganinta ba. An dai saba da ita ne, sabo kuma ya sa aka ba ta sunan gaskiya.

Inda Haɗarin Yake

Sai dai kwatancen yana da iyaka, kuma a iyakar tasa matsalar take. Jimlar lokaci sabau tana riƙe mai aikatawa. Idan aka ce masunta sukan fita da asuba, masuntan suna nan cikin jimlar. Kyamara ba ta da wannan adalci. A ɗaukar minti 2, wanda ya gifta wani wuri cikin daƙiƙa ɗaya bai ba da ko kashi ɗaya cikin 100 na hasken da ya taru a wurin ba, don haka ba zai bar ko sawu ba. Doguwar ɗauka tana kaɗa ƙuri'a ne da tsayuwa, wanda ya fi daɗewa a wuri ɗaya shi ke cin zaɓe.

A ɗauki misalin Elmina a gaɓar Ghana. A can akwai ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, wadda daga baya ta zama matattarar bayin da ake tsallakawa da su teku. A gindinta akwai garin masunta mai rai, da kwalekwale masu launi, da mata masu sayen kifi, da yara masu jan taru. Idan aka kafa kyamara a nan aka ba ta mintoci, ganuwar za ta fito fes, kwalekwalen da ke rausaya a kan ruwa za su dusashe, mutanen kuwa za su ɓace. Hoton zai yi kyau, kuma babu ɗigon da aka ƙirƙira a cikinsa. Amma labarin da zai bayar shi ne na gaɓar da dutsen baƙo ke zaune a cikinta shi kaɗai, babu 'yan gari. Haka kuma leda da robobin da ke yawo a kan ruwa za su narke cikin farin hazon, mai kallo ya tafi da zaton teku tsaf yake.

A nan ne ya kamata suka ta sauka. Abin da Sugimoto ya yi da niyya da tunani, dubban masu kwaikwayo suna yin sa a matsayin ƙa'ida da aka haddace: dutse a gaba, hazo a tsakiya, jan gajimare a sama. Sakamakon shi ne gaɓar Ghana da ta Japan da ta Ingila duk sun koma kama ɗaya a shafukan intanet. Dabarar da aka yi domin a ga tsawon zamani ta koma mayafin rufe bambancin wurare. Idan irin waɗannan hotuna suka yi yawa a tallan yawon buɗe ido da na filayen bakin ruwa, suna koya wa ido cewa kyakkyawar gaɓa ita ce wadda babu kowa a kanta, wannan kuwa ra'ayi ne mai tsada ga waɗanda abincinsu ke can.

Ba dole ba ne abin ya kasance haka. Alexey Titarenko, ɗan Rasha, ya ɗauki cincirindon mutane a mashigar jirgin ƙarƙashin ƙasa a birnin Saint Petersburg tsakanin 1991 da 1994, lokacin ƙuncin da ya biyo bayan rugujewar Tarayyar Sobiyet. Ya zaɓi tsawon ɗaukar da ya mayar da taron kamar baƙin hayaƙi mai kwarara, amma ya bar hannaye a kan ƙarfen matakala. Mutanen ba su ɓace ba, yawansu da gajiyarsu ne suka fito. Abin da ya yiwu a titi zai yiwu a gaɓa. Mai ɗaukar da ya tsaya a daƙiƙa ɗaya ko 2 zai sami ruwa mai laushi tare da siffar masunci mai jan taru. Zaɓin adadin daƙiƙu, ashe, zaɓi ne na wanda zai rage a cikin hoton.

Kammalawa

Abubuwa biyu suka wajaba. Na farko yana kan masu ɗauka: su riƙa rubuta tsawon ɗaukar a ƙarƙashin hoton, kamar yadda ake rubuta wuri da shekara, domin mai kallo ya san a wane lokacin nahawu ake yi masa magana. Na biyu yana kan manazarta al'adu da tarihi, waɗanda ke ƙara dogaro da hotuna a matsayin hujja. Kafin a ce wani wuri kufai ne a wata shekara, ko wata kasuwa ba ta ci, ya kamata a tambayi tsawon lokacin da ƙyauren ya yi a buɗe. Tsofaffin hotunan ƙarni na 19 sun fi buƙatar wannan tambaya, domin a yawancinsu doguwar ɗauka tilas ce, kuma titin Daguerre shaida ne.

Hoton teku mai kama da hazo ya cancanci matsayinsa a cikin fasaha, domin ya buɗe wa ido wata gaskiya da ba ya iya kai wa gare ta shi kaɗai. Abin da bai cancanta ba shi ne a karɓe shi a matsayin cikakkiyar shaida a kan wuri da mutanensa. Gani yana korar ji ne idan mai gani ya san abin da aka nuna masa da abin da aka bari a waje. Inda bai sani ba, gara ya koma ya tambayi masuntan.