Kada Mu Jira Sai Tocila Ta Mutu

Jarrabawar ƙarshen zango ta matso, kuma yawancinmu da tocila mai caji muke karatun dare idan an ɗauke wuta. Sai dai akwai wata magana da ta yaɗu a tsakaninmu, wai dole ne a bar batir ya ƙare ƙurmus kafin a sa shi caji, wai ta haka yake daɗewa. Mu dai a ganinmu wannan maganar ce take kashe mana tociloli.

Maganar tana da asali. Tsofaffin batura na nikel da kadmiyam ne aka san su da son a ƙarar da su lokaci-lokaci. To amma yanzu ba su ne a cikin tocilolinmu ba.

Masu araha, waɗanda ake soka su kai tsaye a soket, galibi ƙaramin batirin dalma ne a cikinsu mai bolt 4, ɗan'uwan batirin mota. Shi wannan babu abin da ya tsana kamar a zuƙe shi a ajiye. Idan ya kwana biyu babu caji, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantan dalmar, daga nan ko an yini ana cajinsa ba zai riƙe wuta kamar da ba. Shi ya sa tocilar da aka jefa cikin akwati tun farkon hutu take ƙin tashi ranar da aka koma makaranta, sai mu hau zagin mai shago, alhali laifinmu ne.

Masu ɗan tsada kuma batirin litiyam gare su, irin dogon nan da ake kira 18650 saboda kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Idan ya cika yana kai bolt 4.2. Shi ma ya fi son a ƙara masa tun da sauran ƙarfinsa.

Saboda haka da zarar haske ya fara dusashewa, mu kashe. Aka kawo wuta, mu sa caji, ko da rabi aka ci. Amma kada a bar ta a soket har gari ya waye, don da yawa daga masu arahar ba sa yanke caji da kansu. Batirin da ya kumbura ko yake zafi sosai, a daina amfani da shi. Masu yin caji a kan katifa ko ƙarƙashin matashin kai, don Allah ku bari, gobara ba ta sallama.

Roƙonmu ga hukumar makaranta shi ne a ware mana soket uku ko huɗu a ɗakin gwaje-gwaje, kowa ya rubuta sunansa a jikin tocilarsa, ya miƙa da safe ya karɓa in an tashi. Akwai 'yan ajinmu da unguwarsu kan yi kwanaki babu wuta, kuma kuɗin mai cajin waya daga kuɗin tararsu yake fita.