Takieta: wa ke karɓar kuɗin tikiti, wa za mu tambaya?

Duk ɗan kasuwar da ya taso daga Maraɗi zuwa Damagaram sai ya ratsa Takieta, kimanin kilomita 50 kafin Zinder, inda hanya ta rabu ta yi kudu zuwa Matamai da iyakar Najeriya. Mararraba ce, kuma a mararraba kuɗi kan tsaya. Tambayarmu ita ce: wa ke tara su, wa ke lissafinsu?

A shekarar 2011 Takieta ta fita daga ƙarƙashin Mirriya ta zama gunduma mai kanta, da kwaminoni uku: Garagumsa, Dakusa da Tirmini. Garin Takieta kansa cikin kwamin ɗin Garagumsa yake. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar mutum kusan 247,000. Tirmini ce ta fi yawa da wajen 116,000, Garagumsa 69,000, Dakusa kusan 62,000. Hausawa manoma ne mafi rinjaye, ga Fulani da Buzaye masu dabbobi, ga Barebari. Ƙidayar ta nuna jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, ke nan cikin shekara ashirin sai yawansu ya ninka. Yaron da aka ƙirga yana goye a 2012 yau shi ke tura baro a kasuwa. Rijiya da asibiti da rumfuna kuwa ba sa haihuwa.

Lissafin nan ba na malaman ofis kaɗai ba ne. Da yawan jama'a ake yanke kujerun majalisar kwamin, da shi ake auna harajin da masu gari za su tara. Lokacin da aka soma zaɓen kwaminoni a watan Yulin 2004, harajin kai a karkara dala 140 ne, kuma kowa ya san yadda tara shi ke wuya in damina ta yi gardama. Sai ofishin magajin gari ya juya inda kuɗi ke hannu: tikitin rumfa, kuɗin kara, kuɗin tasha, patanti. Mai ƙosai da mai daddawa, dillalin awaki da mai awon gero da tiya, su ne baitulmalin kwamin ko da ba a taɓa gaya musu ba. Makiyayin da sunansa ba ya cikin littafin kowane mai gari ma yana biya ran da ya kawo rago kara.

A da, akwai ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. An yi zaɓe a 2004, a 2011, da Disambar 2020. Ba mu ce kansiloli waliyyai ba ne, wasu ba a sake ganinsu sai kamfe ya zagayo. Amma kansila ɗan ƙauyenku ne, ana tare shi a wurin suna ko jana'iza. Dokar 2019 ta kuma ɗaga kason mata a kujerun zaɓe zuwa kashi 25 cikin ɗari, abin da ya ba matan kasuwa bakin magana a zauren da ake yanke kuɗin tikiti. Sarakunan kanto suna zama a majalisar, suna ba da shawara, ba su da ƙuri'a.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Janar Abdurahaman Tiani ya rusa majalisun kwaminoni a watan Afrilun 2024, aka naɗa kantomomi daga Yamai. Masu goyon baya sun ce an huta da rabon kwangila tsakanin 'yan jam'iyya, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai kantoma ga wanda ya naɗa shi yake ba da bahasi. Kujerun matan nan kuma sun tafi tare da majalisar. Wannan ya zo ne bayan kasuwa ta sha rufe iyaka sau biyu, daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan takunkumin CEDEAO daga 2023 zuwa farkon 2024.

Ba sai an jira zaɓe ba kafin a gyara wani abu. Kada a biya ko dala sai da rasit mai lamba da hatimi. Sarkin kasuwa da shugabannin mata su nemi a liƙa abin da aka tara kowace ranar kasuwa a ƙofar ofishin kwamin, a kuma karanta shi da Hausa a rediyo, tunda yawancin masu biya ba sa karanta Faransanci. A faɗi nawa ne cikinsa ya koma kan shara, rumfuna da makewayi.