Dutsen zobe mai taga: a duba kafin a saya

Kaka ta yi. A ƙasar Dogo-Dogo an sayar da wake da riɗi, makiyaya sun kai dabbobi kasuwa, bukukuwan aure sun matso. Masu haɗa lefe suna zuwa Dungas da Magarya, wasu su ƙetare iyaka zuwa Maigatari ko Kano. Cikin kayan da ake saye akwai zobe da ƴan kunne masu dutse mai walƙiya. A nan ne kuɗin gumi yake yawan zurarewa.

Tsakiya da talhatana, waɗanda iyaye suka sani, launinsu ake dubawa da santsinsu. Dutsen da aka fiƙe kuwa dabam yake. Shi ba ya da wuta a cikinsa. Hasken rana ne yake shiga ta samansa, ya bugi gindinsa, ya komo wa ido. Gindin nan yana da tsini, kamar jinkar rumbu da aka juya sama ta koma ƙasa. An goge shi fuska-fuska, kowace fuska tana aikin madubi.

Kowa yana iya ganin wannan a gida. A cika finjalin shayi da ruwa, a ɗaga shi sama da ido, a dubi saman ruwan daga ƙasa a karkace. Sai a ga ya zama madubi. In an dube shi a miƙe, ido ya wuce. Haka haske yake yi cikin dutse.

Manomi ya san jinka. Wadda ta kwanta da yawa, ruwa yana zubowa ta cikinta. Dutse ma haka. In gindinsa ya kwanta, haske yana yoyo ta ƙasa. Sai tsakiyarsa ta yi fayau, babu launi, babu walƙiya, sai a gefe kawai. Masu sana'ar suna ce wa wannan taga, don ana hango abin da ke bayansa. In kuma gindin ya yi zurfi ainun, cikinsa ya yi duhu.

Ana auna karkatar da digiri. Kusurwar ɗaki digiri 90 ce, rabinta 45. Kowane dutse yana da iyakarsa. Daiman yana riƙe haske tun daga wajen digiri 24. Shuɗin yaƙutu, irin wanda ake haƙowa a tsaunin Mambila a Najeriya, sai wajen 35. Gilashi kuwa sai wajen 41. Shi ya sa gilashi ya fi saurin yin taga. A shekara ta 1919 wani ɗan ƙasar Beljiyam, Marcel Tolkowsky, ya yi lissafin daiman. Ya nuna gindinsa ya fi kyau a wajen digiri 41. Har yau masu fiƙar daiman ba su yi nisa da lissafinsa ba.

To, me ya sa mai fiƙa yake barin taga? Ba rashin sani ba ne kullum. Da awo ake sayar da dutse mai daraja, karat 5 su ne giram 1. In ya samu dutse falale, ba ya son ya rage shi. Sai ya bar masa faɗin fuska, gindi ya kwanta. Mai saye ya ga babba ya yi murna, alhali tumu ne mai tsawo marar ƙwaya.

Ga gwajin, kuma wannan jarida ta isa. A fita waje, a tsaya a inuwa. A riƙe dutsen bisa rubutu, fuskarsa tana sama. A dube shi a miƙe, kada a karkata shi. In ana iya karanta baƙaƙen ta cikinsa, yana da taga, a rage kuɗi ko a bar shi. In zobe ne, a sa a yatsa. Wanda ya hango fatar yatsarsa ta cikin dutse, ya ga taga.

A juya bayansa kuma. Wani gilashin ana shafa masa fenti mai ƙyalli a gindi, don ya ɓoye yoyon. Ran da ya sha wanki ya gaji, fentin ya ɓare, walƙiya ta tafi.

Amma a kula. Walƙiya tana nuna kyan fiƙa ne kaɗai, ba ta shaidar dutse na ainihi ne. Tun wajen 1976 masana'antu suke yin wani dutse da ake kira zirkoniya. Yana walƙiya kusan kamar daiman, kuɗinsa kuwa kaɗan ne. Wanda aka ce masa ga daiman da araha a kasuwar ƙauye, ya riƙe aljihunsa.

Wata magana ga mata. Maiƙo yana kashe madubin nan. In man gyaɗa ko man shafawa ya manne a gindin dutse, haske yana bi ta nan ya fita, zobe ya dushe. Ba lalacewa ya yi ba. A wanke bayansa da sabulu da ruwa mai ɗumi, a goge da tsumma mai laushi. A cire shi kafin tuƙin tuwo da tatsar nono.