Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Jama'a, a shekarar 2004 an sayar da wata tsohuwar jita a Amurka a kan dala 575,000. Jitar wata mawaƙiya ce mai suna Maybelle Carter, kamfanin Gibson ya ƙera ta a 1928. Wanda ya saya bai kai ta gidan biki ba, sai aka ajiye ta a gidan tarihin mawaƙa na birnin Nashville don jama'a su riƙa zuwa kallo.

Irin wannan jita ba a yi mata fuska shimfiɗaɗɗiya kamar wadda muka saba gani a hannun samari. Sassaƙa katakon ake yi har ya yi tudu kamar bayan kunkuru, a yanka masa ramuka biyu sirara a gefe, sa'an nan a ɗora jaki ba tare da manne shi ba, tsirkiyoyi ne ke danne shi. Dalili kuwa shi ne a wancan zamani ba a jona jita da lantarki, tilas ta yi amo da kanta a tsakanin masu busa da masu ganga. Orville Gibson ne ya soma wannan sassaƙa a garin Kalamazoo tun kafin 1900. Daga baya wani gwani, Lloyd Loar, ya fito da samfurin da ake kira L-5. Shi Loar har hannu yake sawa a takarda, da kwanan wata, a liƙa a cikin cikin jitar. Wannan 'yar takarda ita ce yau ke ninka kuɗin kayan.

To, mu fa? Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna har ƙasashen waje. Haruna Uji da gurmi ya sa mutane kuka da dariya. Amma a cikinmu wa zai iya faɗin sunan wanda ya haɗa wa ɗayansu kayan kiɗansa? Tsoho ya rasu a Agwada ko Keffi, magada su raba gona da awaki, garayarsa kuwa a bar ta a rataye a zaure har gara ta cinye, ko yara su mai da ita abin wasa. Molon da muke rainawa ɗan'uwa ne ga kayan kiɗan Afirka ta Yamma waɗanda bayi suka tafi da fasaharsu Amurka, har aka sami banjo daga gare su.

Wani zai ce ai ƙwarya da fata ba su da ƙarkon katakon Bature. Wannan ba hujja ba ce. Jitar ma tsagewa take yi in ba a kula da ita ba. Duk wanda ya ɗauki jita daga laimar Legas ya kai ta Arewa cikin hunturu ya san haka. Kulawa ce ta kai ta shekara kusan ɗari, ba sa'a ba. Wani kuma zai ce kiɗa sana'ar maroƙa ce, ba abin tinƙaho ba. To, ko ba ka son kiɗa, tarihin garinku na cikin wannan garaya: da ita aka zuga mafarautan gidanku.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwa mazauna Agege, Idi-Araba da Sabon Ibadan. In kun je gida da Salla, ku tambaya ko akwai tsohuwar garaya, molo ko goge a dangi. Ku sauke ta, ku kakkaɓe, ku ajiye ta inda ruwa da gara ba za su kai ba. Ku rubuta sunan mai ita, da wanda ya sassaƙa, da garinsu, tun dattawan da suka sani suna raye. Kada ku sayar wa dillali a kan kuɗin mota.

Hukuma ma tana da nata. Jos na da gidan tarihi tun 1952, Kano na da Gidan Makama. Ya kamata Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi ta ware ɗaki guda don kayan kiɗan wannan yanki, ƙungiyoyinmu na nan Kudu kuma su taimaka da abin da ya sawwaƙa. In mun yi sakaci, jikokinmu sai sun sayi tikitin jirgi kafin su ga garayar kakansu a ɗakin ajiyar wata ƙasa.

Allah ya sa mu gane.