Medellin: Birnin da Ya Kai Aiki Saman Tsauni

Sharhinmu na yau zai leƙa birnin Medellin na ƙasar Kolombiya, inda a shekarar 1991 kaɗai aka kashe mutum sama da 6,000. Zamanin Pablo Escobar ke nan, uban safarar hodar iblis, lokacin da ake ba yaro ɗan shekara goma sha biyar bindiga da babur a tura shi kisa. An harbe Escobar a watan Disamba na 1993, amma jini bai daina zuba ba.

Sai mutum ya san yadda garin yake kwance kafin ya gane ciwonsa. Medellin tana cikin kwarin Aburra ne. Kasuwanni da ofisoshi da masana'antu suna ƙasa, haka ma jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 1995. Su kuwa talakawa, da yawansu waɗanda yaƙi ya koro daga ƙauyuka, sun kakkafa gidajen jan bulo a jikin tsaunuka, wannan bisa wancan. A wancan lokaci, matar da ke aikin wanke-wanke a cikin gari sai ta fito tun duhun asuba, ta gangaro ta lunguna masu tsayi, ta jira ƙaramar motar haya, da yamma kuma ta sake hawa da cefane a hannu. Hukuma ba ta hawa can, saboda haka 'yan daba suka zama hukuma.

A 2004 aka buɗe hanyar sufuri da ake kira Metrocable. Ƙananan taragai ne masu ɗaukar kusan mutum goma, rataye a jikin igiyar ƙarfe, suna shawagi bisa rufin gidaje daga tashar Acevedo zuwa unguwar Santo Domingo, tafiyar kimanin kilomita 2. Tun zamanin magajin gari Luis Perez aka fara aikin, kuma Sergio Fajardo, malamin lissafin da ya gaje shi, bai yi watsi da shi don ba shi ya ƙirƙiro ba. Wannan kaɗai abin a yaba ne. Tikiti ɗaya mutum zai yanka ya sauko daga tsauni ya wuce cikin jirgin ƙasa.

Fajardo ya riƙe birnin daga 2004 zuwa 2007, kuma ra'ayinsa shi ne a kai gini mafi kyau unguwa mafi talauci. Aka gina manyan ɗakunan karatu masu fili da wurin wasan yara, aka gyara makarantu, aka ware wani kaso na kasafin kuɗi domin mutanen unguwa su zauna su zaɓi aikin da suke so. A 2011 aka kafa wa unguwar Comuna 13 matakala mai tafiya da lantarki, tsawonta mita 384, hawan da kan ci wa tsoho rabin sa'a ya koma minti shida.

To, da wane kuɗi? A nan ne darajar labarin take, kuma nan ne masu yabon Medellin suka fi tsallakewa. Tun 1955 birnin yake da kamfaninsa na kansa, EPM, mai samar da ruwa da wutar lantarki da iskar gas. Kamfanin yana karɓar kuɗinsa, yana cin riba, kuma kowace shekara yana zuba aƙalla kashi 30 cikin ɗari na ribar a baitulmalin birni. Da wannan ake gini, da shi ake gyara, ba sai an zauna jiran gwamnatin tsakiya ba.

Kisa ya ragu, sai dai ba gini kaɗai ya rage shi ba. A 2002 sojoji suka kutsa Comuna 13 a wani farmaki da har yau iyalai ke neman 'yan uwansu da suka ɓace a bayansa. Daga nan wani madugun 'yan bindiga da ake kira Don Berna ya danne sauran ƙungiyoyi, gari ya lafa. Kisa ya sauka ƙasa da 800 a 2007. Da aka miƙa Don Berna ga Amurka a 2008, yaransa suka kaure da rikicin gado, a 2009 adadin ya sake haura 2,000. Daga baya ya sake sauka, kuma bai ƙara kusantar abin da aka gani a 1991 ba. Haka nan ɗakin karatu na España, wanda aka buɗe a Santo Domingo a 2007 duniya na ta tafi, an rufe shi a 2015 saboda aibin gini, ya shafe shekaru yaran unguwar ba su shiga ba.

Birane da dama sun kwaikwayi taragan Metrocable. La Paz ta ƙasar Bolibiya ta buɗe nata a 2014, ta ci gaba da ƙara layuka. Rio de Janeiro ta Brazil kuwa ta kafa nata a unguwar talakawa ta Alemao a 2011, amma a 2016 gwamnatin jihar ta kasa biyan kamfanin da ke gudanar da shi, taragan suka tsaya cak, mazauna unguwar suka koma hawa da ƙafa da babur.