Zare: Gasar kamun kifi a bakin teku, a ajiye sikeli a ɗauko rula

1/ Jama'a, yau zaren namu ba na siyasa ba ne, na kifi ne 😄 Akwai wani wasa da ake yi a duniya: mutane su jeru a bakin teku da sandunan fatsa, a yi gasar kamun kifi, har da kofin duniya. Ina da magana a kan yadda ake fitar da gwani. Ku biyo ni 🧵

2/ Ra'ayina a taƙaice: duk gasar da aka ce wanda ya kawo mataccen kifi mafi nauyi shi ya ci, ya kamata a sauya mata tsari. A auna tsawon kifin nan take, a rubuta, a mayar da shi ruwa da ransa. Zan kawo dalilaina, zan kuma kawo hujjar masu ja da ni.

3/ Bari mu fara da yadda wasan yake, tunda yawancinmu kifin rijiya ne a harkar teku 😅 Ba jirgi, ba kwalekwale, ba koma. Kana tsaye a kan yashi ko dutse, sandarka ta kai mita 4 ko fiye, a ƙarshen igiyar akwai ƙugiyoyi da dalma mai nauyin kamar giram 150.

4/ Ka ɗaga sandar, ka juya jiki, ka cilla. Gwanaye suna wurga dalmar nan ta wuce mita 100 cikin ruwa, tsawon filin ƙwallo fa ke nan. A ƙugiyar an soka abin da kifi ke so: tsutsar yashi, ƙaguwa ko yankan ƙaramin kifi. Sai ka kafa sandar ka zuba wa tsininta ido.

5/ A irin gasar da aka fi yi a Turai, ana raba gaɓar gida-gida, kowane da lambarsa, sai a ja ƙuri'a. Inda ta faɗa maka nan za ka tsaya awa 4 ko 5. Ko wurin ya yi maka ko bai yi ba, haka za ka yi haƙuri ka nuna abin da ka iya.

6/ Masu cewa ai sa'a ce kawai, ku dakata. Teku yana cikowa yana janyewa sau 2 a rana, kuma ƙarfin hakan yana bin wata: ya fi tsanani a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Dole ka san lokacin da kifi ke matsowa gaɓa, da kwarin da yake bi, da abin da yake ci a wannan lokacin.

7/ Wasan yana da hukuma. An kafa CIPS, uwar ƙungiyar wasan kamun kifi ta duniya, a birnin Rum a 1952. Reshenta mai kula da teku, FIPS-M, shi ke shirya gasar duniya ta bakin teku, akwai ta maza, ta mata, da ta matasa. Ƙasa da ƙasa ake karawa, kamar dai ƙwallo.

8/ Toh, ta yaya ake sanin wanda ya ci? Hanya biyu ce. Ta farko, tsohuwar: ka kashe kifin, ka kai shi sikeli. Misali a Niyu Zilan ana gasar Snapper Bonanza a gaɓar Ninety Mile Beach: kwana 5, wanda kifinsa ya fi nauyi ya tafi da dalar ƙasar 30,000.

9/ Hanya ta biyu: kifi na fitowa a kwantar da shi a kan rula, abokin takararka na gefe ko alƙali ya duba ya sa hannu a katinka, a mayar da shi ruwa. Tsawon shi ake mayarwa maki. A Afirka ta Kudu akwai jadawalin da ke juya tsawon kowane irin kifi zuwa kilo. Ni wannan nake goyon baya.

10/ Dalili na farko, kuma shi ne babba: ƙaton kifin da ake ba wa kofi, sau da yawa uwa ce. Kifi ba kamar mutum ba ne da girma ke tsayawa. Yana ci gaba da girma har tsufa, kuma macen, gwargwadon girmanta gwargwadon yawan ƙwanta. Kai, abin ma ya wuce gwargwado.

11/ A 2018 mujallar Science ta buga wani bincike a kan haka. Misalin da suka bayar na kifin kod ne: mace ɗaya mai kilo 30 tana zuba ƙwan da ya fi na mata 28 masu kilo bibbiyu. Ku lissafa: su 28 ɗin kilo 56 ne a haɗe, amma ita kaɗai ta doke su.

12/ Wanda ya taso a gidan noma ya riga ya gane inda na dosa. Ko yunwa ta yi tsanani, iri shi ne abu na ƙarshe da manomi zai taɓa. Makiyayi ma ba ya fara yanka da saniyar da ta fi haihuwa. Gasar sikeli kuwa cewa take: ku nemo mana irin, mai mafi kyau shi ke da mota.

13/ Ga shekaru kuma. Kifin da ake gasarsa a Niyu Zilan ɗin nan yana iya kai shekara 60 a duniya. Wato wanda aka rataye ana hoto da shi, yana iya yiwuwa ya girmi baban mai riƙe da shi. Abin da teku ya raina tsawon wannan lokaci, a minti goma an gama da shi.

14/ Kar ku ɗauka tsoro ne na cikin littafi. A Afirka ta Kudu akwai wani ƙaton kifi da suke kira kob, sarkin masu fatsar bakin teku. Ba ya fara haihuwa sai ya kai kusan mita 1, yana ɗan shekara 5 zuwa 6. Kuma ƙuruciyarsa a bakin gaɓa da mashigar koguna yake yin ta.

15/ Wato daidai inda dalmar masu fatsa ke sauka. Da masana suka ƙiyasta, iyayen kob da suka rage ba su kai kashi 5 cikin 100 na asalin yawansu ba. A Disambar 2000 sai da gwamnatin ƙasar ta ayyana dokar ta-ɓaci a harkar kamun kifi da ƙugiya. Dokar ta-ɓaci fa, a kan kifi.

16/ Turai ma sun ɗanɗana. Kifin bas ya ragu har a 2015 Tarayyar Turai ta ɗaga mafi ƙarancin tsawon da za ka iya ɗauka daga santimita 36 zuwa 42. A farkon 2018 kuwa aka ce masu kamun nishaɗi a arewacin yankin, duk bas ɗin da suka kama su mayar. Ko ɗaya ba a kai gida.

17/ Dalili na biyu: sikeli yana kiran maguɗi. Mataccen kifi ba ya faɗin inda aka samo shi, ba ya faɗin abin da aka ɗura masa. In ka ɗora kuɗi masu kauri a kan nauyin gawa, ka buɗe wa masu wayo ƙofa da hannunka.

18/ A 2012 a tsibirin Guernsey, kusa da Faransa, wani ya ci fam 800 da bas mai kilo 6 da ɗoriya. Ashe daga gidan ajiye kifaye na kallo ya sato shi 😭 Wani ne ya gane kifin ta alamun da ke kansa, magana ta kai kotu. Kifi na ganinka, mai jar koma.

19/ A 2022 a Cleveland ta Amurka, wannan a tafki ne da jirage amma sikelin ɗaya ne, aka farke cikin kifayen wasu mutum biyu a gaban jama'a, sai ga dunƙulen dalma suna faɗowa. Sama da dala 28,000 suka so ci. Suka ƙare da kwana 10 a gidan yari, aka ƙwace jirginsu.

20/ Mu ma nan gida mun san labarin. A Argungu a 2008 an ƙwace kambun wanda ya zo na ɗaya, bisa zargin mataccen kifi ya shigo da shi daga wani wuri. Daga Kebbi har Amurka dabarar ɗaya ce, don ƙofar ɗaya ce.

21/ Ana iya maguɗi a rula? Ana iyawa mana, ɗan Adam ne. Amma ya fi wuya. Kifin dole ya fito da rai, a gaban mutumin da ƙuri'a ta ajiye kusa da kai, wanda shi ma kofin yake nema. In ya ƙara maka santimita ɗaya, kansa ya cuta. Ga kuma hoto a waya.

22/ Dalili na uku: kifin da aka mayar yana ba da labari. Tun 1984 cibiyar binciken teku ta ORI a Durban take ba masu fatsa 'yar alama mai lamba su maƙala wa kifi kafin su sake shi. An yi wa kifi fiye da 300,000 haka, dubbai an sake kama su daga baya.

23/ Da wannan ake sanin nisan da kifi ke tafiya, saurin girmansa, da wanda ba ya barin unguwarsu. Mu ɗalibai mun san wahalar tara bayanai, wanda ya taɓa yawon raba takardun tambayoyi a rana ya sani 😩 Nan ga dubban mutane suna tara wa masana kyauta, suna jin daɗinsu.

24/ Yanzu ga masu ja. Na farko zai ce: haba malam, ana fama da tsadar abinci, kifi ya gagari talaka, kai kana cewa a kama a saki? Wannan ba wasa da abinci ba ne? Tambaya ce mai nauyi, kuma na san ita za ta fi yawa a ƙasan zaren nan.

25/ Amsata: maganata ba ta shafi masuncin da ke ciyar da iyalinsa ba. Ɗan gasa ya biya kuɗin shiga, ya sayi sanda mai tsada, kofi ya kawo shi. In yana son na miya, ya ɗauki matsakaici iya abin da doka ta yarda. Uwar da ya saki, 'ya'yanta ne za su cika komar wancan masuncin.

26/ Na biyu zai ce: ai saki ma azabtarwa ce, ka soka wa dabba ƙarfe a baki don nishaɗi. Wannan ba ƙaramar hujja ba ce. A Jamus kama kifi da niyyar saki tun farko yana iya kai mutum kotu ƙarƙashin dokar kare dabbobi. Suwizalan ma ta hana.

27/ Na yarda ƙugiya rauni ce, kuma ba duk wanda aka saki ke rayuwa ba. Wanda ya ce a soke gasar gaba ɗaya, matsayarsa a tsaye take, ina girmama ta. Amma muddin ana yi, tsakanin gasar da kowane babban kifi zai mutu da wadda yawancinsu za su koma, zaɓin bai da wuya a wurina.

28/ Kuma a nan bakin teku ya fi jirgi sauƙi. Kifin da aka jawo daga zurfi sosai, jakar iskar cikinsa tana kumbura saboda sauyin matsin ruwa, ko an sake shi da ƙyar yake nutsewa. Na gaɓa daga ruwa marar zurfi ya fito, wannan matsalar ba ta cika samunsa ba.

29/ Saura ladabin saki, kuma a sa shi a dokar gasa: a danne ɗan haƙorin ƙugiya mai hana ta fita, a jiƙa hannu kafin a taɓa kifi, kar a ja shi a busasshen yashi, kar a sa yatsa a wurin numfashinsa, a ajiye bokitin ruwa a gefe. Wanda kifinsa ya mutu ta sakaci, a rage masa maki.

30/ Na uku zai ce: ku bar masu sanda, ku je ku kama manyan jirage masu share teku da koma. Gaskiya ne ɓarnarsu ta fi, a matsa musu. Amma a lissafin masana, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bas da ake cirewa a arewacin Turai masu kamun nishaɗi ne. Sanda ɗaya ba komai, dubu ɗari fa?

31/ Kafin 'yan Kabi su far min 😄 Argungu daban take. Tun 1934 ake yi, UNESCO ta sa ta a jerin al'adun duniya a 2016, kuma tana da nata birkin: ana hana su a Matan Fada sai ranar biki. Gaɓar teku kuwa a buɗe take duk shekara, gasa bayan gasa. Rula ce birkinta.

32/ Najeriya tana da gaɓar teku kusan kilomita 850. Duk ranar da wani ya tashi shirya irin wannan gasa a Legas ko Akwa Ibom, ina roƙon ya fara da rula da kati tun ranar farko. Waɗancan sai da kifinsu ya kusa ƙarewa suka sauya, mu mun samu darasin a kyauta.

33/ Mu kuma na kan waya, namu aikin ƙarami ne: in kun ga hoton wani da ƙaton kifin gasa, kafin ku zuba masa wuta 🔥 ku tambaye shi, ya mayar? Masu shirya gasa da masu ɗaukar nauyi suna bin abin da muke tafa wa ne.

34/ Iya nan zan tsaya, karatu na jira. Masu ganin saki wasa da abinci ne, da masu ganin a soke gasar kwata-kwata, ku zo ƙasa mu yi ta da hujja, ban da zagi don Allah. In akwai ɗan gidan masunta a nan, naka bayanin na fi son ji 🎣